Baba da Rumfar Inabinsa

Ranar sadakar uku ta Baba, wani dattijo ya shigo gidanmu na unguwar Nzeng-Ayong, a nan Gabon. Gidan ba shi da zaure, don haka a tsakar gida aka yi wa maza shimfiɗa, ƙarƙashin rumfa. Dattijon ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi ganyen da ke samansa, ya tambayi na kusa da shi, "Wannan ce itaciyar?" Aka ce masa ita ce. Sai ya ja tabarmarsa ya koma jikin katanga, inda babu inuwa ko ta tafin hannu, ya zauna can har aka shafa fatiha. Ina kallonsa ta tagar ɗakin Inna.

Matan ma ba su bar ni na yi kukana cikin natsuwa ba. Kowacce ta shigo sai ta ce, "Allah ya jiƙansa, Allah ya yafe masa," ta ja kalmar yafewar nan kamar tana auna ta. Wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki yi haƙuri, ai Allah mai gafara ne, ko me bawa ya yi." Na ce mata, "Me ya yi?" Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Baffa, ƙanin Baba, shi ne a gaba yana karɓar gaisuwa, kuma duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya ce, "Yaya mutum ne mai taurin kai, amma mun gode." Wadda ta yi kuka na gaskiya a ranar, har sai da aka riƙe ta, maƙwabciyarmu ce 'yar Gabon, wadda ko kalmar ta'aziyya ɗaya ba ta iya da Hausa ba.

Daga Allah muka zo, gare shi kowa zai koma, wannan ban ja ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a binne mutum a bar ƙaryar da aka yi masa tana yawo a kasuwa. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, har yanzu idan aka ambace shi sai wani ya ce, "Wane? Mai inabin nan?" a yi murmushi. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ba zan ɓoye ba, shi kansa ya ba ni haushi fiye da kowa.

'Yan lambu ne su tun kakanni, a wani ƙauye kudu da Kano. Ina ƙarama muka sauka a tashar jirgin ruwa ta Port Môle, shi da Inna da ni da Baffa. Baffa ya kama talla, daga tire ya koma tebur, daga tebur ya koma butik, wato kanti. Baba ya gwada, abin ya ƙi. Mutum ne da idan ka ɗauki fitila a teburinsa zai ce maka, "Wannan tana yoyo, je wurin na gaba." Sai ya koma abin da hannunsa ya sani, yana yi wa Turawa aikin lambu. A masallacinmu kuwa, tun ginin yana na langa-langa, shi ne ladan. Muryarsa ba ta da kauri, amma tana da nisa.

Da kuɗin mai suka cika garin nan, komai ya canja. Ko'ina ka juya gini ake, manyan motoci suna kwasar siminti, baƙi suna sauka kullum. Baffa ya sayi kamiyo biyu, manyan motocin ɗaukar kaya, ya je Makka, ya zama shi ne ke jagorantar ginin sabon masallaci. Baba kuwa ya samu aiki gidan wani Bafaranshe da ke kamfanin mai, mutumin da kewar garinsu ta hana shi sukuni. Ya sa aka kawo masa rassan inabi ta jirgin sama, da wata ciyawa mai hawa igiya da suke kira hublon, wadda furenta ke sa wa giya ɗaci. So yake ya haɗa abin shansa da hannunsa a bayan gida.

Hublon ɗin ta ba Baba dariya shekara da shekaru. Ta hau igiya, ta wuce rufin gareji, ta kama wayar lantarki, amma ko fure ɗaya ba ta yi ba. Yakan ce, "Na ce masa, patiron, maigida, wannan ciyawar ta fi ni da kai tsoron Allah." Inabin ne ya kama zuciyarsa. A ƙasar Bafaranshen sanyi ne ke sa itaciyar barci, ta farka ta yi 'ya'ya. A nan babu sanyin, sai ta yi ta zuba ganye kamar kabewa. Baba ne ya gano cewa idan aka tsige mata ganye kaf aka datse rassan, abin da yake kira aski, takan ɗauka ta yi barcin ta tashi. A shekara ta huɗu ta yi 'ya'ya.

Abin da ya faru ranar tsinka, Inna kaɗai ya gaya wa, ita ta gaya mini. Bafaranshen ya sa aka zuba inabin a wani babban baho, ya ce wa Baba ya wanke ƙafa ya shiga ya tattake.

Baba ya ce, "Na ba ta ruwa, na yi mata aski. Amma ƙafata ba za ta shiga bahon nan ba."

Bafaranshen ya ce, "Shekara huɗu kana sane da abin da zan yi da shi."

Baba ya ce, "Ina sane. Shi ya sa yau zan tsaya."

Ya roƙi rassa uku, aka ba shi cikin faɗa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu ya taho gida a ƙafa, ba aiki. Kafin ya fito ya tsinki ƙwaya ɗaya ya sa a baki. Ya ce wa Inna tun yana makarantar allo yake jin sunan inabi a cikin karatu, sai da furfura ta fito masa sannan ya san ɗanɗanonsa, kuma ya yi niyya iyalinsa za su ci shi daga ƙasar gidansu. Inna ta ce, "Malam, ai ana sayarwa a kantin Turawa." Ya ce, "Wancan na jirgi ne."

Daga nan wahalarmu ta fara. Unguwar a lokacin rabinta daji ce, ƙasar gidan ja ce mai danƙo, ruwa ya sauka ya kwanta. Baba ya haƙa rami har ƙugunsa, ya cika shi da yashin bakin teku da ya wanke, da toka, da kashin ragunan layya da ya bi gida gida yana roƙa. Wurin da ya zaɓa nan ne Inna ke shanya, nan ne kuma take da 'yar yakuwarta da alayyafo. Duk ya tashe su. Reshe biyu suka mutu, ɗaya ya kama. Da asuba zai dawo daga masallaci, kafin ya sha koko yana wurin itaciyar, yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Safiya yake yi wa Turawa biyu yankan ciyawa don a ci abinci, yamma kuma tata ce.

Shekarar farko da ta yi fure, ruwa ya kakkaɓe shi cikin kwana biyu. Ta biyu, wani farin abu kamar toka ya rufe ganyen, suka bushe. Ya samo wani shuɗin magani yana fesawa, har hannayensa suka rine, mutane suna tambayarsa ko rini ya koma. Ta uku 'ya'yan suka fito har suka fara nuna, jemagu suka gama da su. Ta huɗu ya ɗaure kowane nonon inabi a tsumma, kuma tsumman nan zanen Inna ne mai kyau, wanda ta ajiye don biki. Ranar na ji muryar Inna tun daga bakin titi.

"Malam, itace ne fa! Itace! Ba ya sallah, ba ya gaisuwa, ba ya ba mu komai sai ganye da sauro! A sare shi mu huta!"

Baba yana kan tsani, bai ko juyo ba, ya ce, "Ba ƙi ta yi ba. Ba ta gane garin ba ne tukuna."

Kalmarsa ke nan kullum. Ya faɗe ta har mun daina jin ta. Ni ma na sha ce masa ya dasa gwanda ko ayaba, abin da ƙasar ke so, ya huta. Sai ya ce, "Uwata, ayaba ai ba ta buƙatata."

A lokacin na yi aure, muna unguwar Sotega, maigidana yana tuƙa ɗaya daga cikin kamiyon Baffa. Da na haifi 'yata ta biyu na dawo gida wanka, a gidan Baba aka yi suna. Satin nan an yi ruwan da ba lokacinsa ba, inabin da ya kusa nuna duk ya farfashe. Baba ya bi ya tsince ruɓaɓɓun don kada su lalata sauran, ya tara su a bokiti bayan ɗaki, ya rufe da faranti saboda ƙudaje, da niyyar ya binne. Hidimar suna ta sa ya manta. Kwana huɗu bokitin yana cikin zafi. Ranar suna wani baƙo ya zaga neman buta, ya ji wari, ya ɗaga farantin, ya ga abu yana kumfa.

Bai ce wa Baba komai ba. Da ya ce, da an gama a wurin. Kasuwa ya kai ta. Kafin sati ya zagayo, bokiti ɗaya ya zama tulu bakwai, wai ladan yana haɗa giya yana sayar wa Turawa, wai dama abin da ya koyo ke nan a gidan Bafaranshe.

Baffa ya zo da yamma, da dattawa biyu. Motarsa ba ta iya shigowa layinmu saboda taɓo, sai ya tako yana ɗage babbar riga, ransa a ɓace tun kafin ya yi sallama. Ina ɗakin Inna da jaririya, komai a kunnena.

Baffa ya ce, "Yaya, sare itaciyar nan. Yau. Ga adda, ni zan riƙe maka tsani."

Baba ya ce, "Me ta yi?"

"Ta zubar mana da mutunci. Ina neman taimakon gina masallaci, ana tambayata ko da kuɗin giyar yayana za a yi rufi."

"Ka taɓa ganin na sha?"

"Ban gani ba."

"Ka taɓa ganin na sayar?"

"Yaya, ba maganar abin da na gani ake ba, maganar abin da ake faɗa ake."

Baba ya ce, "To, wanda ya faɗa ya zo ya tambaye ni. Ina nan. Amma ba zan sare abin da Allah ya halatta don wani ya leƙa bokiti ba. In na sare, na ce musu gaskiya suka faɗa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ai ko ba komai Baba ya yi shekaru yana renon itacen giya a gidan kafiri. Na jira Baba ya ba su labarin bahon, ya gaya musu yadda ya bar aikin. Sai ya ce, "Wannan gaskiya ne. Na yi."

A nan ne na kasa daurewa. Na san abin da kamiyon Baffa ke kaiwa kantunan ma'aikata a wuraren gini, domin mijina ne ke tuƙawa: shinkafa, man gyaɗa, sardin, a ƙarƙashin tamfol kuma akwatunan kwalabe. Na ajiye jaririyar na fito ko mayafi ban gyara ba. Na ce, "Baffa, kwalaben da ake lodawa a kamiyonka duk Talata, zamzam ne a ciki?"

Fuskar Baffa ta canja. Na ɗauka Baba zai ɗaga kai ya ji an rama masa. Sai na ji ya ce, da wata murya da ban taɓa ji ba, "Durƙusa."

Na ce, "Baba, gaskiya fa na faɗa."

Ya ce, "Ban tambaye ki ba. Ubanki ne. Durƙusa ki ba shi haƙuri."

Na durƙusa a taɓon nan, gaban mutanen da suka zo cin mutuncinsa, na ce Baffa ya yafe mini. Baffa ya juya ya fita. Kafin wata ya ƙare an karɓi makullin kamiyo daga hannun maigidana. Wata uku yana zaune kafin ya samu taksi, kuma cikin wata ukun nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da aka buɗe sabon masallaci, aka sa lasifika, aka ba wani ladanci. Ba wanda ya zo ya gaya wa Baba. Ya je da wuri kamar kullum, ya tarar da wani riƙe da abin magana. Ya yi alwala ya shiga sahu. Daga ranar har ƙafafunsa suka kasa, bai fasa jam'i ba, kuma a sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma. Inna ta ce wani lokaci idan ana kiran sallah takan ga leɓensa yana motsi, yana gyara wa sabon ladanin inda ya gajarta.

Na same shi bayan haka, na ce, "Baba, don Allah ka gaya musu yadda ka bar gidan Bafaranshen. Ko ni ka bari in faɗa."

Yana ɗaure wani reshe, ya ce, "In ce musu me? Shekara huɗu ina shayar da ita, na san inda za ta. Na ci albashin, ke ma kin ci. Rana ɗaya na ce a'a. Yanzu in ɗauki rana ɗayan nan in yi ta yawo da ita kamar lambar yabo?"

"To maganar Baffa fa? Shi ya fi ka laifi, shi ke yawo da carbi."

"Na goya shi a bayana daga gona zuwa gida. Ba zan tsaya a kasuwa in tuɓe masa riga ba."

"Shi ai ya tuɓe maka."

"Shi ya sani."

Na tashi na tafi ban yi masa sallama ba. Na yi kusan wata biyu ban taka gidan ba. Har yau ban yarda daidai ya yi ba. Haƙurinsa ba shi kaɗai ya biya kuɗinsa ba: Inna ta daina zuwa biki saboda kallon da ake mata, ni kuma aka riƙa kirana mara kunyar da ta zagi baffanta. Mutum yana iya yafe nasa, amma namu ma ya yafe ba tare da ya tambaye mu ba.

Maƙwabciyar nan da ta yi kuka, ga dalilinta. Mijinta birkila ne, yana son bammi. Da jita-jitar ta kai musu, sai ta zo da fara'arta da roba a hannu, ta ce, "Papa, in kana da saura ka sayar mana, ko ka ba mu waɗanda suka faɗo mu haɗa da kanmu." Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce mata ita kaɗai ce ta zo ta tambaye shi a fuska. Ya ce ba zai ba ta ba, ya kuma gaya mata dalili. Amma ya lura bishiyar atangarta, wadda take dafa 'ya'yan ta sayar a bakin titi, tana ta zubar da ganye. Washegari ya shiga gidanta da fatanya, ya haƙa wa ruwa hanya, ya sare rassan da tsutsa ta ci. Bayan shekara biyu mijin ya faɗo daga saman bene a wurin gini ya mutu, ya bar ta da yara biyar. Kamfanin ya aiko da akwatin gawa, shi ke nan. Baba ya mayar da bayan gidanta lambu, ya shuka mata kuɓewa da tattasai da yalo, ya koya mata ɗaurin kasuwa, kuma bai taɓa cin ko ƙwaya ɗaya daga ciki ba. Da lambun nan ta riƙe yaranta a makaranta. Mutanenmu da suka ga yana shiga gidan sai suka ƙara da cewa can yake ɓoye tulunan.

Shekarar ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ce zuciya ce, ya hana shi hawa tsani. Amma ya riga ya yi askin a ƙarshen damina, ya kuma rufa wa rumfar leda daga sama, don ya lissafa 'ya'yan su nuna a tsakiyar rani, lokacin da ruwa ke ɗaukewa. Ranin garin nan kuwa ba irin na gida ba ne, sama a lulluɓe take, rana ba ta cika fitowa ba. Sai a fito masa da kujera ya zauna yana kallon sama, yana ƙirga nonon inabin da sanda. Tara suka tsira. Ba ruɓa, ba toka, ba jemage. Shekara goma sha ɗaya ke nan da dasawa.

Ranar da ya ce a tsinka, ya sa na yanko mafi girma, na wanke, na sa a kwano mai murfi. Ya ce, "Kai wa Baffanki."

Na ce, "Baba, ka aiki wani."

Ya ce, "Ke nake aika."

Na shiga taksi da kwanon a cinya, ina jin kamar in wurga shi ta taga. Na sami Baffa a butik, mutane kewaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ga saƙo daga Baba. Ya buɗe murfin, ya daɗe yana kallo. Sai ya dubi mutanen da ke wurin, ya mayar da murfin, ya tura kwanon ƙarƙashin kanta, ya ce, "Ki ce ina gaishe shi. Ya jikin?" Na ce da sauƙi. Bai zo duba shi ba sai ranar da aka ɗauki gawarsa.

Da na dawo Baba ya ce, "Ya ci?"

Na ce, "Bai ci ba."

"Ya dawo da shi?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To."

Sannan ya ce a raba sauran: Inna, da jikokinsa, da maƙwabciya da yaranta. Ya sa ɗaya a bakinsa ya tauna a hankali. Magungunan sun riga sun kashe masa harshe, komai ɗaya yake ji. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ban ji komai ba. Gaya mini gaskiya. Da zaƙi?"

Na tauna nawa. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma mutumin da ke gaya wa mai saye fitilarsa tana yoyo ba a yi masa wannan. Na ce, "Da ɗan zaƙi, Baba. Amma tsamin ya fi yawa."

Bai ji haushi ba. Ya ɗaga kai ya dubi ledar, ya ce, "Rana ce ta yi mata kaɗan. Baɗi a yi askin da wuri, da kamar sati biyu. Kuma a ɗage ledar nan ta gefen gabas." Kwana tara bayan haka ya rasu, da hantsi, a kan kujerar.

Satin da ya wuce lokacin askin ya yi. Na zo gidan na ɗauki wuƙarsa na hau tsani, sai na tsaya. Rassa ne ko'ina, sun sarƙe da juna, ban san wanda ake cirewa ba, ban san wanda ake bari ba. Duk shekarun nan ina shiga gidan ina fita, ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa ba, saboda haushin itaciyar nake ji. Na kama wani reshe na ɗora wuƙa, ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina.

Sai na ji Inna daga bakin murhu ta ce, "Ba nan ba."

Na juyo. Ba ta ko ajiye muciyar ba.

Ta ce, "Wannan na bana ne, shi zai haihu. Ki bi shi daga gindi, ki ƙirga ido biyu, ki yanka a sama da na biyun. A karkace, don kada ruwa ya kwanta."

Na ce, "Inna, ke da kika ce a sare ta?"

Ta ce, "Har gobe ina cewa. Sauko ki ba ni wuƙar, za ki lalata masa aiki."

Na sauko na riƙe mata tsani. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana nema, a inda ruwa ba ya fasa shi. Mu kuma Allah ya ba mu ikon yafe wa waɗanda ya yafe wa, domin ni dai har yanzu ban kai ba.